Tabarmar Dogon Inna

Sakkwato, ranar Asabar

Zuwa ga yayata Adda Basira, a Turba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Na iso Sakkwato daga Legas, na yi ta neman wayarki har na gaji, sai wani a tasha ya yi mini dariya, ya ce ai an kashe sabis a Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga. Shi ya haɗa ni da Malami direba, wanda ya ce ya san gidanmu.

Adda, na aje ƙwallon kwando. Gwiwoyin nan sun ƙi. An yi mini wasan ban kwana, aka rataye rigata can saman zauren wasa, mutane suka miƙe suna tafi. Ina tsaye a tsakiyar fili, maimakon in tuna kofin da muka ciyo a Masar, sai na tuna kwandon Inna. Sabon nan da take zuba busasshiyar kuɓewa, wanda na yanke wa gindi na ɗaure a itacen gawon da ke bayan gidanmu, lokacin hutu, bayan na fara ganin wasan a makarantar kwana. Ta biyo ni da muciya, sai da ta yi tsalle kafin ta samu ƙeyata, ke kuma kina gefe kina zuga ta.

Shekaru kusan ashirin ina jefa ƙwallo a garuruwan mutane, Inna ba ta taɓa ganin ko wasa ɗaya ba. Yanzu ba ni da wani wasa, ba ni da wani uzuri. Za ni zuwa gida in gan ta. Ki faɗa mini gaskiyar jikinta da gaskiyar hanya.

Ki gaishe ta, ki ce ta sa mini albarka.

Ƙanenki,
Ubaidullahi

*

Turba, ranar Talata

Zuwa ga Ubaidu, Dogon Inna.

Wa alaikumus salam. Mun ga takarda, mun gode Allah da ka gama lafiya. Ashe gwiwa ce kawai za ta iya dawo da kai, da mun sani da tuni mun yi mata addu'a.

Ka nemi gaskiya. Ƙafafun Inna sun kumbura har gwiwa, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi yana yi mata wuya. Malamin asibitin Isa ya ce zuciya ce, abin ya fi ƙarfinsu, sai Sakkwato.

Hanya kuma, bari in koya maka yadda ake tafiya yanzu, tunda ka zama baƙo. Mutum yana sa tsohuwar riga da silifas, ya bar agogo a gida, ya zauna baya cikin buhuna ya sunkuyar da kai. Alhaji da ɗan dako duk kama ɗaya. Idan mutanen daji suka tare mota, tafin hannu suke dubawa, wanda nasa ya yi laushi su ce ya sauko. Dabarar duk ita ce kada a gane ka. To kai ina za mu ɓoye ka? Mutumin da sai ya duƙa yake shiga masallacin Juma'a? Hotonka yana manne a shagon mai shayi a Isa, kana rataye a jikin raga baki buɗe. Yaran da ke daji ma a nan suka sha shayi kafin su shiga. A wurinsu duk wanda ya taɓa fitowa a talabijin banki ne mai tafiya da ƙafa. Kuma masu kai musu labari ba baƙi ba ne, tare muke zuwa suna da jana'iza.

Da ta ni ce, da na ce ka zauna inda kake. Amma na karanta wa Inna takardarka, da na zo wajen kwando ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, tun ran nan duk motsin ƙofa sai ta ɗaga kai. Ina jin tsoro, Ubaidu, ba za ni ɓoye maka ba. In ka ga dole ne, ka zo shiru. Daga ni sai Malami, ko surukaina ba za su ji ba.

Allah Ya tsare. Yara suna gaishe ka.

Yayarka,
Basira

*

Sakkwato, ranar Juma'a

Zuwa ga Adda Basira.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna da jiki. Na karanta takardarki, na kuma duba tafin hannuna. Ƙwallo ya bar masa kanta, amma na san ba irin ta fartanya ba ce.

Mun yi magana da Malami. Sati mai zuwa zai ɗauko kayan masarufi, za ni kwanciya a ƙasan motar a jera buhuna a kaina. Ya auna ni da ido ya ce sai dai in naɗe ƙafa. Na ce na saba, haka nake yi a jirgi.

Kin ce ba inda za a ɓoye ni, kin faɗi gaskiya. Mutane suna ganin dogo ya ji daɗi a wasan nan tunda yana kusa da raga. Ba su san shi kowa ke gani ba. Da na shiga fili mutum biyu ke manne mini, wannan ya sa mini gwiwar hannu a haƙarƙari, wancan ya take mini ƙafa. Da farko abin yana ba ni haushi, har kocinmu ya nuna mini amfaninsa. Akwai wani gajere a ƙungiyarmu, Talha, ɗan Zariya. Sai in je gefe guda in ɗaga hannu kamar ni za a ba ƙwallo, masu tsaro su rufo kaina, shi kuma ya zille ta ɗaya gefen ya jefa ba kowa a gabansa. Shi ake yi wa tafi, ni in kwana da ƙanƙara a jiki. Rabin makin Talha daga haƙarƙarina suka fito, kuma wallahi a duk wasan ba abin da na fi so kamar wannan.

Sai dai yaudarar tana da sharaɗi. Mai tsaron da ya san aikinsa ba ya kallon idonka ko hannunka, ƙafarka yake kallo. In ba ka taka da gaske ba, ba zai biyo ka ba.

Na cika ki da surutun ƙwallo, ba ni da wanda zan yi wa ne. Tun da na daina, shirun ya yi mini yawa. Don Allah kada a shirya komai, kada a yanka ko kaza.

Ƙanenki,
Ubaidullahi

*

Turba, ranar Lahadi

Ubaidu,

Salamu alaikum. Muna nan da rai. Kada ka zo. Kada ka shiga motar Malami, kada ka shiga ta kowa.

Ba mu yanka kaza ba, ban faɗa wa kowa ba. Amma ka san Inna, ba a taɓa shimfiɗa wa baƙonta tsohuwar tabarma ba. Ina wajen ɗaukar gero ta aika maƙwabciyarmu wurin Wada mai saƙa, ta ce a yi mata sabuwa, a ƙara tsawo sosai. Ba ta ambaci sunanka ba, ita a ganinta ta riƙe sirri. Da na dawo na yi mata magana, sai ta ce, "Ɗan ga tun da yag girma ƙahwahunai ba su taɓa kwana bisa tabarma ba, kullum suna ƙasa. Wanga karo sai ya miƙe."

Wada kuwa ka san inda yake aiki, ƙofar gidansa a bakin hanya. Ya baje kabarsa yana saƙa yana ɗinkewa, tabarma tana ta tafiya har ta wuce inuwar itacen bedi, faɗinta kuma na mutum ɗaya. Masu wucewa suka riƙa tsayawa kallo. Shekaranjiya da hantsi wasu mutum biyu a kan babur suka tsaya, fuska a naɗe da rawani. Ɗaya ya ce, "Baba, wagga tabarma ta masallaci ta?" Wada, don jin daɗin an yaba aikinsa, ya ce, "A'a, ta mutum guda ta." Mutumin ya sauka ya kwanta a gefenta, ya duba abin da ya rage bayan ƙafarsa, ya tashi ya kakkaɓe riga. Suka hau babur suka wuce. A duk ƙasar Gobir mutum nawa ne ke buƙatar irin wannan tabarma?

Tun jiya suna tare motoci, a hanyar dajin Gundumi da ta Sabon Birni duka. Ba su ɗauki kowa ba, ba su karɓi komai ba. Sauke buhuna suke yi, su ce kowane namiji ya miƙe tsaye. Wannan ya fi ba mutane tsoro a kan harbi.

Ga kuma abin da ya hana ni cin abinci. Jikin Inna ya tsananta, malamin asibiti ya ce in ba a kai ta Sakkwato cikin satin nan ba, to sai dai addu'a. Malami ya ce ba zai ɗauke ta ba. Yana da gaskiya, domin yanzu sun san tana da ɗa, in ba su samu ɗan ba uwar ta ishe su. Inna ba za ta kwana biyu a daji ba.

Wada ya kawo tabarmar da kansa, idonsa ja, ya ƙi zama. Tana jingine a ɗakin Inna, ko a naɗe ba na son kallonta. Ni dai ban taɓa ganin an auna wa mai rai shimfiɗa daidai tsawonsa haka ba.

Ka yi mana addu'a, ka zauna inda kake.

Basira

*

Sakkwato, ranar Talata

Zuwa ga Adda.

Assalamu alaikum. Ina gaida ku. Kada ki yi wa Inna faɗa, kada ki bari Wada ya sa abin a ransa. Ba wanda ya taɓa yi mini abu daidai tsawona sai su biyun.

Ki karanta wannan a natse. Jibi Alhamis, da an sallame sallar asuba, Malami zai tsaya a bayan gidanmu, na shawo kansa ya yarda. Ki sa Inna a gaba, ku bi ta Sabon Birni ku fito Goronyo. Kada ku tsaya gaisawa da kowa. Na yi magana da likita a nan, akwai gado.

Za ki ce ai hanyar a tare take. Ba za ta kasance a tare ba ranar. Yau na je tasha da rigar ƙungiyarmu, na sha shayi, na ɗauki hoto da yara, na faɗa da ƙarfi cewa jibi za ni zuwa gida ta Gundumi, da tsaraba cike da mota. Gobe ma za ni komawa in maimaita. Kafin gobe da yamma labarin ya riga ni isa. Mutanen nan ba su yarda da juna ba, ba wanda zai zauna gadin hanyar Sabon Birni ya bar 'yan uwansa su raba kuɗin fansa babu shi. Duk za su rufo gefe guda. Na sha ganin haka.

Na sayi wata tsohuwar mota, an ja mini kujerar baya. Ni kaɗai za ni tuƙawa, ba za ni ɗaukar ɗan kowa ba. Za a gan ni ina fita gari, a gan ni a hanya, in na kai Marnona, bakin dajin, sai in juyo. Da la'asar ina asibiti ina jiran ku, in Allah Ya so.

Na san da akwai waya da kin zage ni tas kin hana. Wannan karon rashin sabis ya yi mini rana. Ina jin tsoro, amma irin wanda na sani ne, na kafin a busa usur.

Ki yafe mini duk abin da na yi miki. Ki ce wa Inna har yanzu ina sane da kwandonta.

Ƙanenki,
Ubaidullahi

*

Asibiti, Sakkwato, ranar Asabar

Ubaidu,

Salamu alaikum. Ban san inda za a kai maka wannan ba. Za ni ba Malami, ya ba duk wanda zai bi ta wajen.

Mun iso ranar Alhamis kafin azahar. Daga Turba har Goronyo ba mu ga babur ko ɗaya ba, Malami ya ce rabonsa da ganin hanyar haka ya manta. An sa wa Inna ruwa da allurai, kumburin ya fara sauka. Jiya ta yi barci a kwance.

Wani mai sayar da mai a Marnona ya ce ya ga motarka. Ka tsaya, ka fito ka miƙe kowa ya gan ka, ka sha ruwa, ka daɗe kana kallon wasu yara biyu a kan babur da ke kallon ka. Sannan ka shiga mota ka nufi dajin, ba ka juyo ba. Na sake karanta takardarka, wajen da ka ce sai an taka da gaske. Ashe ka faɗa mini tun farko, ni ce ban ji ba.

Inna ta ƙi shiga mota sai da aka ɗaura tabarmar a sama. Tana nan shimfiɗe a gefen gadonta, ta tokare bango, ƙarshenta ya fita har ƙofa, ma'aikata suna tsallakawa. Ba ta yarda kowa ya zauna a kai ba, har ni. Ɗazu ta ce, "Har yanzu bai iso ba?" Na ce kana hanya.

Allah Ya sa ban yi mata ƙarya ba.

Yayarka,
Basira