Ta Ce Za Ta Wajen Inaya

Malama Su'ad, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Ni ba mai kai kuka wajen kowa ba ne, balle a jarida. Shekarata hamsin da tara ban taɓa rubuta wa wani damuwata ba. Amma wannan ta fi ƙarfina, kuma ba zan iya faɗa wa mutanen masallacinmu ba, don duk sun san ni, sun san marigayiyar.

Bari in fara da ko ni wane ne. Na shigo ƙasar nan ta Ingila a 1996 da jaka guda. Karatuna bai wuce sakandare ba. Na wanke kwanuka a Rusholme, na yi gadi, na tuƙa tasi shekara tara. Yau ina da garejin kaina a Salford, mutum shida ke aiki a ƙarƙashina. Ban taɓa zuwa council, wato ƙaramar hukuma, neman taimako ba ko sau ɗaya. 'Yarmu guda ce, Inaya, a nan aka haife ta, ta gama uni, wato jami'a, yanzu tana aikin kemis a Birmingham. Duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da lokaci, kuma da haka na kai inda na kai.

Maiɗakina ta rasu bara, watan Fabrairu, bayan jinyar wata huɗu. Shekara talatin muna tare. Ranar da za a kai ta na tsaya a kanta na ce na yafe mata duniya da lahira. Har zuciyata na faɗa, don a sanina ba ta taɓa ɓoye mini komai ba.

Sai in koma baya kaɗan. A 2009 motar wani kwastoma ta lalace kusa da Kendal, can Cumbria, na tafi da motar janwe in ɗauko ta. Ran nan Inaya tana makaranta, sai uwar ta ce za ta raka ni. Da muka bar babbar hanya muka shiga tsakanin tsaunuka, sai na ga ta manna fuska da gilashi. Ita a Gembu ta tashi, babanta ma'aikacin dabbobi ne a can. Ta ce mini tun da ta bar Mambila ba ta ƙara ganin tudu kore da gajimare kwance a kansa ba sai yau. Ta roƙe ni mu ƙarasa bakin tafkin Windermere ko minti goma ne. Na ce mata ni ban zo Ingila yawo ba. Da ta nace na tsaya a gefen hanya, ban ma kashe mota ba, ta sauka ta tsaya jikin wata katangar duwatsu tana kallon tumaki, na yi mata hon. Bayan nan ta sake tayar da maganar sau biyu ko uku, kullum amsata ɗaya ce. Sai ta daina, na ɗauka ta manta.

Tun Inaya tana shekara ta biyu a uni, duk bayan wata biyu ko uku uwar za ta ce mini za ta wajen Inaya, ta yi kwana biyu. Ni da kaina nake sauke ta a tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly in wuce aiki. In ta dawo ta kawo mini tsarabar wata farar alawa mai na'a-na'a. Har yaran gareji nake ba su ina cewa su ɗanɗani alawar Birmingham.

Wata biyu da suka wuce Inaya ta zo gida ta zaunar da ni ta buɗe mini hotuna a wayarta. Malama, shekara shida ba Birmingham matata take zuwa ba. Jirgin arewa take shiga, Inaya ta taso daga tashar New Street ta Birmingham, su haɗu a wata tasha wai ita Oxenholme. Na ga matata a jirgin ruwa a Windermere. Na gan ta a Ambleside da takalmin hawan dutse a ƙarƙashin doguwar riga, da sanda a hannu. Na gan ta a Keswick ruwa ya jiƙe mata hijabi sharkaf tana dariya har ana ganin dasashinta. Ni na zauna da matar nan shekara talatin, wallahi ban san tana irin wannan dariyar ba. Alawar ma ashe ta Kendal ce, da sunan garin a jikin takardar, ban taɓa karantawa ba.

Ban gama haɗiye wannan ba ta ƙaro wata. Wai akwai wata gona a kan tudu inda wata tsohuwar Baturiya ke sayar da shayi, nan suka fi zama. Inaya ta nemi izinin matar ta sa an kafa benci a wajen, irin na Turawa da ake liƙa wa ƙarfe da sunan mamaci. Sunan matata ne a jiki. Tana so in bi ta mu je in gani.

Na yi faɗan da ban taɓa yi mata ba. Na ce sunan matata ba abin jingina bayan kowane kare da doki ba ne, masu karnuka su zo su ɗaure su a ƙafar bencin. Na ce ni na haƙa wa marigayiyar rijiyar burtsatse a garinmu, wannan ce sadaka, ba kujera ba. Na ce ita ta koya wa uwarta yawo da ƙarya. Ta yi kuka ta ce Mama ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, wajen Inaya ta ce za ta, kuma wajen Inaya take zuwa, ni ne ban taɓa tambayar ina ba. Ta ɗauki jakarta ta fita. Yau mako bakwai ba ta kira ni ba, sai dai saƙon gaisuwar Juma'a layi ɗaya.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, Lahadin da ta wuce na ɗauki mota ni kaɗai na tafi. Na ce zan nemo gonar da kaina. Ni da na yi shekara tara a tasi, na ɓata. Hanyoyin can sirara ne, katangar dutse dama da hagu, in mota ta taho sai ɗaya ya ja da baya. Na zaga Windermere, na wuce Ambleside, na kai har Grasmere, duk tudun da na gani sai ya yi mini kama da na hoton. Na kasa tambayar kowa, me zan ce ina nema? Na yi azahar a gefen wani rafi, na koma mota na zauna ruwa na dukan gilashi. Wurin yana da kyau, Malama. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Awa ɗaya da rabi ne daga ƙofar gidana.

To ga tambayoyina. Yafiyar da na yi mata ban san da wannan ba, ta ci, ko da saura a kanta? Ina tsoron kada fitar da ta yi ban sani ba ta zame mata wani abu a can. Wani lokaci kuma sai in ji haushinta ya taso mini, mutumin da ke kabari. Bencin nan in sa a cire shi? Kuma ni ne zan kira yarinyar da na haifa, alhali ita ta ɓoye mini abu shekara shida?

Mai Gareji, Salford

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan maiɗakinka, ya haskaka kabarinta.

Ba ka yi laifi ba da ka ji ciwo. Mutum biyu da ka fi ƙauna sun riƙe wani abu tsakaninsu shekara shida, ka sani a rana guda, kuma ɗayarsu ba ta nan balle ka tambaye ta. Inaya ma ta yi kuskure. Sa sunan mahaifiyarta a bainar jama'a ba hukuncin da za ta yanke ita kaɗai ba ne kana raye, ya kamata ta shawarce ka kafin a kafa.

Amma ka duba ɗaya ɓangaren da adalci. Matarka ba ta fara da ɓoyewa ba, da roƙo ta fara, har sau uku ko huɗu. Kai ta so ta je da shi. Da ta rasa ka, sai ta tafi da 'yarka, ba da wani bare ba, kuma ba ta taɓa dawowa hannu rabbana ba. Mai son cutar da miji ba ta kawo masa tsaraba da sunan garin a rubuce. Ina zaton ta daɗe tana jiran ranar da za ka juya takardar ka tambaye ta.

Maganar yafiya, ni ba malamar fikihu ba ce, amma wannan ba ya buƙatar fatawa. Kana da rai, bakinka na hannunka. Yanzu da ka san komai, ka sake yafe mata, ka ambaci abin da sunansa. Ka kuma nema wa kanka gafara kan abin da ka hana ta, ka yi mata addu'a a kai. Haushin da ke taso maka ba alamar mugun hali ba ne, kewa ce, zai lafa.

Benci kuwa, kada ka yanke masa hukunci ba ka gan shi ba. Rijiyarka sadaka ce, Allah ya karɓa. Wurin da gajiyayye zai zauna ya huta a kan tudu shi ma ba abin rainawa ba ne. In rubutun sunan ne ke damunka, ka tambayi limamin da ka amince da shi, sannan ku zauna da Inaya. Ana iya cire ƙarfen a bar bencin, ana iya sauya rubutun zuwa abin da ku biyu kuka yarda da shi. Wannan ƙaramin aiki ne.

Babban aikin shi ne kiran waya, kuma e, kai ne za ka kira. Ba don ita ba ta da laifi ba, sai don kalmar da ka jefe ta da ita ta fi nauyi. Ka ce wa yarinyar da ta rasa uwa ita ta lalata uwar. Ka janye wannan a fili, da muryarka, ba da saƙo ba. Kada ka haɗa da amma. Ka faɗa mata ka je Lahadi ka ɓata. Na san wannan zai yi maka wuya fiye da ban haƙurin, amma shi zai nuna mata abin da ke ranka.

Sannan ku sa rana kafin sanyi ya shigo. Ka bar gareji a hannun yaranka kwana biyu, ba zai rushe ba. Ka bar mota a gida, don in kana tuƙi hanya za ka kalla. Ka sayi takalmi mai ƙarfi da rigar ruwa. Ka bar Inaya ta yi jagora, kai kuma ka yi ta tambaya: ina suka zauna, me uwar take ci, me take cewa. Akwai shekara shida na rayuwar matarka da ba ka gani ba, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai iya ba ka labarinsu. Kada ka bari ita ma ta daina roƙonka kamar yadda uwar ta daina.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya daidaita tsakaninka da Inaya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Malama Su'ad