Duwatsun Wuyan Kaka a Ruwan Gishiri

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar taki, yaya Malam da yara? Mu nan Umbadda lafiya lau.

Na kai rabona na duwatsun kahraman ɗin Kaka kasuwar Umdurman a sake musu zare, saboda bikin 'yata Sa'adiyya. Mai shagon ya ce, "Ya Hajja, zuba su a ruwan gishiri mai kauri. Na gaske tasowa yake, roba nutsewa take." Na gwada, rabi suka nutse! Yaya, ke kika tashi a hannun Kaka, ina sauran na asalin suka tafi? Amarya dai ta ce duka za ta sa, tunda wuyan Kaka suka taɓa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zainabu