Lasifikar Ɗanjuma da Bangona

Daren Alhamis, Kura, 1977

Tun rani nake jin wai maƙwabcina Ɗanjuma ya zuba kuɗin tumatirinsa yana haɗa lasifika mai bakin kakaki, tsayin mutum, a ɗakinsa. Na ce ƙarya ce, sakarcinsa bai kai nan ba. Ashe ya wuce. Yau na gan ta. A ciki aka ƙera ta, bakinta ya fi ƙofar faɗi, ta ƙi fitowa.

Ya ce, "Baba, bangon da ke tsakaninmu za a ɗan taɓa."

Na ce, "Ka saurare ta a ɗaki, ai can ka haife ta."

Yanzu kuma ana cewa gobe zai fasa bangon ko ban yarda ba. Wannan kam ban musa ba, don Sule magini ne ya faɗa min ɗazu, da ya zo aron digata.