Dokar Hana Gaisuwa a Kantinmu

Majidaɗi, Jalingo
4 ga Yuni, 1957

Adda Asta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Sunkani. Bayan haka, zan gaya miki abin da ko Inna ban taɓa gaya wa ba. Ina son Malam Yuguda, babban akawun kantinmu. Ga shi na rubuta.

Maganarmu ba ta taɓa wuce "miƙo zaren can" ba. Amma in ina jera kwalaben turare a teburina, sai in gan mu a jirgin ruwan kamfani, mun taso daga Lau, iska na kaɗa mayafina, shi kuma yana nuna mini tsuntsayen Binuwai. Irin dai abin da ke cikin littattafan soyayyar da malamarmu ta Yola ta bar mini.

Sai dai, Adda, ma'aikata duk sun tsane shi. Sabon Bature ya kafa doka: ba zama, ba gaisawa da mai saye fiye da kalma ɗaya, wai gaisuwarmu na cinye lokacin kamfani. Malam Yuguda ne ya fassara mana, shi ke tsare ta. Kawu Manga, da ya shekara ashirin yana auna yadi, ya tsaya tambayar wata mai nono lafiyar yara da shanu, aka mai da shi baya ɗaukar buhunan gishiri, da furfurarsa.

Ma'aikata sun sa na rubuta takardar kuka zuwa babban manaja a Yola, don ni kaɗai ke da Turanci a cikinsu. Kowa ya dangwala yatsa. Amma duk takarda ta hannun Malam Yuguda take bi, ya kuwa san rubutuna. In na miƙa, na rasa aikin, na rasa ɗan kallon da yake yi mini in yana wucewa. Kwananta shida a cikin littafina.

Ki ƙona wannan in kin karanta.

Ƙanwarki,
Furera

Sunkani
11 ga Yuni

Furera sarkin mafarki,

Muna lafiya, damina ta yi kyau, gyaɗa ta fito. Ban ƙona ba, na yi dariya har na ƙware. Ke da ko kwalekwale kike tsoro, yau ke ce a jirgin ruwa? Wannan kallon kuma, kin tabbata ke yake kallo, ba kwalaben ba?

To bar wasa. Ranar kasuwar da ta wuce, kin ga wata tsohuwa mai baƙin zane da ƙwarya a kai ta shigo kantinku? Umma ce, mahaifiyar Yugudanki. Bayan gidanmu take. Da ƙafa ta je, ta kai masa man shanu, wata huɗu ba ta sa shi a ido ba. Ta dawo da man shanunta. Na tambaye ta yaya ɗan, ta ce yana lafiya, ya yi ƙiba. Sai ta shige ɗaki. Tun ranar ba ta fito tatsa ba.

Ban ce ki miƙa takardar ba, ban ce ki bari ba. Amma Kawu ya goya ki kina ƙarama, yanzu gishiri yake goyo.

Ki gai da Inna.

Addarki,
Asta

Majidaɗi
15 ga Yuni

Adda,

Ina gaisuwa. Na gan ta, Adda, a gabana aka yi. Ta tsaya jikin teburinsa ta fara gaishe shi da Fulatanci, a hankali, tana tambayar kwana da gajiya da aiki. Bature na tsaye a ƙofar ofis da agogo a hannu. Malam Yuguda bai ɗago ba. Da Hausa ya ce mata, "Me za ki saya?"

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ni kuwa a raina har yaba shi na yi, wai ga mutum mai kamewa, irin na littafi. Kunya ta ishe ni.

Yanzu na tuna abin da ya biyo baya. Ya shiga ɗakin ajiya ya jima, da ya fito idonsa ja, ya ce ƙurar barkono ce. Ba mu sayar da barkono.

Jiya na buɗe littafina, karatu ya ƙi. Yugudan da na ƙera a raina yana da baki, yana faɗin abin da ya ga dama. Na gaskiyar kuwa ko "jam", "lafiya" ta Fulatanci, bai iya ce wa uwarsa ba. Ban san ko na daina sonsa ba. Kamar ma ya ƙaru, sai dai ya yi nauyi.

Talatu mai ɗinkin kantinmu ta tambaye ni takardar sau biyu. Kawu bai tambaya ba, kafaɗarsa kawai yake murzawa.

Taki,
Furera

Majidaɗi
17 ga Yuni

Adda Asta,

Gaisuwa a gurguje, direban da zai kawo miki wannan ya ta da mota. Na sake kwafe takardar da kyau, na sa sunana a ƙasa, cikakke. Ba zan ajiye ta a teburinsa in gudu ba. Yau in an buɗe kanti, a hannunsa zan sa ta. Kafin nan zan gaishe shi yadda aka koya mana a gida, tun daga kwana har lafiyar Umma, ko Bature na tsaye.

In kin gan ni a Sunkani jibi, ki tanadar mini fartanya.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Furera