Ɗorawar Inna Ta Ƙone

Zuwa ga ƙanena Malam Sani, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarka da ta iyali? Yaya baƙunta? Mu nan Danja sai godiya.

Sani, ɗorawar da Inna ta bar mana a bakin makiyaya ta ƙone, duka ukun. Shekara biyu ke nan malaman daji suka kafa turaku suka hana ƙunar kaka, wadda ake yi tun ciyawa na ɗanya, wuta ta ci kaɗan ta mutu. Wai suna binciken yadda ciyawa da namun daji za su dawo. Kawu Ilu ya ce musu, "'Ya'yana, abinci kuke tara wa wuta." Suka yi dariya.

Gamba ta fi mutum tsawo, ta bushe ƙayau. Ran Talata masu farautar gafiya suka cinna mata wuta.

Jiya malaman suka dawo da igiyar awo. Ina tsaye cikin toka, ɗayansu ya ce, "Iya, ɗan matsa, za mu auna kututturen." Na matsa. Allah na gani.

Bana kada ka sa ran daddawa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajara da yara.

Yayarka, Rabi.