Mun Yi Zaman Makokinka, Abdulmalik

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
9 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Abdulmalik,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya zaman baƙunta a Afirka ta Kudu? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama.

Na ga hoton da ka turo, kai da Obinna ɗan Mama Akunna maƙwabciyarmu ta Tarauni, kun sha kwat iri ɗaya kuna nuna zobe. Bakinka har kunne. Mu dai ba ka taɓa yi mana irin wannan dariyar ba. Hular da ka ɗora ma na gane ta, ta marigayi Baba ce. Ka ce aure kuka yi a kotu, wai in lallaɓa in gaya wa Inna.

Na gaya mata, amma ba abin da ka ce ba. Ranar Litinin na shiga ɗakinta na ce mota ta buge ka, har an binne ka a can. Ta yi salati, ta tambaya ko Musulmi ne suka yi maka wanka. Na ce su ne.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida. An zo daga Darmanawa, an zo daga Unguwa Uku, har malaman makarantar da nake koyarwa. Kowa yabonka yake yi, wai ba ka da hayaniya, wai ba a taɓa ganinka da 'yan mata ba. Wallahi ka fi farin jini a mace. Liman ya tambaya ko a yi maka sallar gawa daga nan, na ce ai an yi a can. Ƙaryata ba ta kai in tsayar da sahu a gaban Allah ba.

Mama Akunna ma ta zo gaisuwa, don shekara ashirin muka yi katanga ɗaya da ita, rashin zuwanta sai ya ja magana. Tun kafin nan na same ta a shagonta na kasuwar Tarauni, muka yi alkawari za ta kama bakinta. Ta yi kuka sosai, mata suna ta ba ta haƙuri. Ita za ta ɗauki hoton wannan takarda ta tura muku, ni na goge lambarka.

Ka ci gaba da zama a mace, shi ne kaɗai alherin da ya rage ka yi mana. Ka huta lafiya.

Yayanka,
Lawan

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
21 ga Yuni

Ƙanena,

Ina gaishe ka, da fatan jikin naka da ka ce yana tashi ya yi sauƙi. Mun samu ruwa, alhamdu lillahi.

Amsarka ta iso, shafi huɗu. Ka ce shekara bakwai kuna tare ba ku cuci kowa ba. Ka ce da aka yi maka aikin ƙoda Obinna ne ya yi jinyarka, amma da likita ya nemi ɗan'uwa ya sa hannu sai aka ce shi ba kowa ba ne, shi ya sa kuka je kotu. Kana tambayata wa aurenku ya rage wa wani abu.

To, ni ma bari in tambaye ka. Wa ya yi walicci? A cikinku wa aka biya wa sadaki? Wa ya raba goro? Aure abu ne da ake ɗaurawa a gaban dangi, a fito a faɗa da baki. Naku kuwa ko a zaure ba zan iya faɗarsa ba. Dokar can ta yarda, ta nan ba ta yarda ba, addininmu bai yarda ba. Kuma ina da 'ya'ya mata uku da za a zo binciken asalinsu wata rana.

Amma maganar asibitin ta tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba. Ni na goya ka zuwa makarantar allo, ban san ma an yanka ka ba. Na ji haushi da wani ne ya riƙe maka kofin ruwa ba ni ba.

Inna ta rame. Duk Juma'a sai ta soya waina ta raba sadaka da sunan Autanta. Kuma ba ta yarda matata ta taɓa tandar. Ka roƙi in bari ka ji muryarta ko na minti ɗaya. Matattu ba sa buga waya, Abdulmalik.

Naka,
Lawan

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
2 ga Oktoba

Abdulmalik,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka a zaune. Yaya ƙarfin jiki?

Allah ya yi wa Inna rasuwa ranar Laraba da hantsi. Wannan karon gaskiya nake faɗa.

Akwai abin da ya kamata ka sani, don ba zan ɗauke shi ni kaɗai ba. Ranar Lahadi Mama Akunna ta zo duba ta. Ta tarar da ita a kwance tana yi wa matata wasiyya kada a daina wainar Juma'a bayan ranta. Mama Akunna ta kasa daurewa, ta durƙusa ta faɗa wa Inna komai, har ta nuna mata hoton a waya.

Na dawo gida na samu Inna a zaune, ita da ta yi wata guda ba ta tashi ba. Na zaci za ta tsine maka, har na ji sanyi a raina. Ba ta yi ba. Ta ce abin da ka yi bai yi mata daɗi ba, kuma tsakaninka da Ubangijinka ne. Sannan ta ce ka yi ƙiba, hular babanka ta yi maka kyau. Ni kuwa ko kallona ba ta yi ba, cewa kawai ta yi in kira mata ɗanta.

Na hana Mama Akunna sake shigowa. Na ce wa Inna layin ba ya shiga. Litinin ta tambaya, Talata ta tambaya sau uku, ta sa aka ajiye wayata a gefen matashinta. Lambarka tana kaina, ban taɓa mantawa da ita ba. Amma ɗakin cike yake da 'yan dubiya, waɗanda suka zo makokinka. Da wane baki zan ce musu ga mamaci a waya? Na ce a raina sai an watse. Ba a watse ba.

Kada ka zo. Duk wanda ya gan ka a layinmu gudu zai yi.

Yau aka yi addu'ar uku, a kan tabarmin da muka shimfiɗa maka. Liman ya ce baƙin cikin rashinka ne ya ƙarasa ta. Ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya sada ta da Autanta da ya riga ta, tunda yanzu babu mai raba su. Jama'a suka juyo suna kallona, ni ne babba a gidan.

Na ce amin.

Yayanka,
Lawan