Na Juya Kujerarku, Kun Karya Hannun 'Yata

Zuwa ga Mai Girma Manajan tsohon gidan shayin nan da aka gyara a bayan Bukit Bintang, Kuala Lumpur.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da ƙartin nan biyu masu gadin zaure, waɗanda haƙarƙarina ya shaida lafiyarsu ƙalau.

Sunana Sabo, kafinta ne ni daga Kano. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, shi ma malaman ne suka riga ni gajiya. Amma 'yata Safiya tana digiri na biyu a ƙasarku kan zanen gine-gine, kuma gidan shayinku ne abin bincikenta. Wata bakwai ke nan tana zuwa da tef da littafi tana auna tagoginku, da katin izini mai sa hannunka. Da na zo duba ta, ta ce ranar Asabar za ta kai ni in gani da idona.

Zan fara da laifina. Mun shiga, na ga tayil mai zanen fure, da teburan marmara, da fankoki masu juyawa a hankali kamar ba su karya kumallo ba, da gilashi kore da ja yana zubo haske a ƙasa. Wallahi wurin ya yi kyau. Safiya ta tafi karɓo mana shayi. Sai na hango wata tsohuwar kujera a bayan jar igiya. Da safe yarinyar ta gaya mini cewa kujerun nan babu ƙusa ko ɗaya a jikinsu, katako ne ya riƙe katako. Ranka ya daɗe, shekara arba'in ban taɓa yarda da kujera daga fuskarta ba, sai na ga gindinta. Igiyar kuwa, na ɗauka ado ce. Na tsallaka, na ɗaga kujera, na juya ta. Wannan wauta tawa ce, ban raba ta da kowa ba.

Ga kuma naku.

Na ɗaya: babu wanda ya ce mini ajiye, da kowane yare. Ji na yi an shaƙe wuyan rigata ta baya, an murɗe hannuna har kafaɗa ta goce, an kifa ni. Bakina ne ya fara isa tayil ɗin. Haƙorin gaba ya karye, jini ya cika furen da nake yabo ɗazu. Ɗaya ya danne bayana da gwiwa har numfashi ya gagara, ɗayan ya sa mini takalmi a haƙarƙari sau uku. Na ƙirga, domin lissafi har zuwa uku ina da shi. Na haura sittin, kuma ko kujerar ban saki da ƙarfi ba, sai da na ajiye ta kafin in faɗi.

Na biyu, kuma shi ne dalilin wannan takarda: Safiya ta yar da kofuna ta rugo tana ihu da Turanci da yarenku cewa ubanta ne, baƙo ne, bai sani ba. Mai takalmin ya san ta, kullum suna gaisawa. Duk da haka ya hankaɗe ta da hannu biyu. Ta faɗa kan gefen teburin marmara, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake kwance. Wuyan hannunta na dama ne ya karye, hannun da take zane da shi. A nan raha ta ƙare mini.

Na uku: an kawo tsumma an goge tayil tun kafin a ba mu ko ruwan kurkure baki. Sannan ka fito da kanka, ka duba kujera sama da ƙasa, ba ka dubi yarinyar ba, ka cire katin izinin daga wuyanta. Saura mata benen sama da matakala kaɗai ta gama awo. In babu su, malaminta ya ce babu kundin digiri, kuma tallafin karatunta ba ya jiran kowa.

Wani abu kuma, kyauta daga kafinta. Kafin ƙartinka su iso, na ga gindin kujerar. Akwai sababbin ƙusoshi uku a ƙafar baya, an shafe kansu da fenti. Wanda ya yi muku gyaran ya cuce ku, kuma katakon zai tsage daga nan. Ni aka daka, amma ba ni na yi wa kujerar rauni ba.

Roƙona ga shi. A mayar wa Safiya katinta, a bar wata ƙawarta ta riƙe mata tef har hannun ya warke. A kira masu gadin nan a koya musu cewa baki yana riga takalmi. Sannan ka zo Setapak, unguwar da take zaune, ko ka aiko da takarda, ka ba ta haƙuri. Ni ba na neman komai, dama haƙorin ya daɗe yana girgiɗi. In kuma dole sai an hana wani shiga, ni za a hana har abada, na sa hannu.

Allah ya tsare maka gininka, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna maka ranar da za ka ji ƙashin ɗanka ya karye kana kwance ba ka iya tashi.

Jirgina Laraba ne. Har yau Safiya ba ta yi mini ƙorafi kan abin da na jawo mata ba, sai dai ta zuba mini abinci da hagu ta tambaye ni kafaɗa. Uwarta tana Kano, tana zaton santsin banɗaki ne ya kayar da yarinyar. Gaskiyar kuwa ni zan kai mata da bakina, kuma har yanzu ban san ta inda zan fara ba.

Wassalam.

Naka mai haƙori ɗaya a gaba,
Sabo Kafinta